Ranar Wanka Ba A Ɓoye Cibi: Darasi A Kan Gina Manhaja A Idon Jama'a

  

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta yaɗu a tsakanin masu ƙera manhajojin waya da na kwamfuta. Maimakon mutum ya kulle kansa a ɗaki shekara guda sannan ya fito ya ce ga abin da na yi, sai ya riƙa sanar da jama'a halin da aikin yake ciki tun daga ranar farko: abin da ya gama, abin da ya gagare shi, nawa ya kashe, mutum nawa suka gwada, me suka ce. Wasu ma har asalin rubutun umarnin da manhajar take aiki da shi sukan ajiye a fili a GitHub, kowa ya karanta, wanda ya ga kuskure ya nuna. Matasanmu da suke karatu ko aiki a wannan fanni, daga Makka har Landan, sukan yi tantama a kan wannan al'ada, domin an rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai neman aure ba ya shela sai an sa rana. Ga tsoron kambun baka, ga tsoron riya, ga kuma tsoron kada wani mai hannu da shuni ya ji dabararka ya riga ka kasuwa.

Wannan tantama tana da tushe. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya hana ɗansa Yusufu ba wa 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, kamar yadda ya zo a farkon Suratu Yusuf. Akwai kuma hadisin da ake yawan ambata a kan neman biyan buƙata ta hanyar ɓoye ta, duk da cewa malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancinsa. Sai dai a ganina mun cuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai labarin mai aiki, akwai kuma labarin aikin. Burinka da ribarka da wanda ya yi maka alkawarin jari, waɗannan naka ne, in ka ga dama ka binne su. Amma yadda manhajar take lissafi, da inda take kuskure, da abin da take yi da bayanan mai riƙe da wayar, wannan haƙƙin wanda zai dogara da ita ne, ba ka da ikon ɓoye masa.

Mu fara daga Aziziyya

Duk wanda ya san Makka ya san Aziziyya, unguwar da take tsakanin Harami da Mina. A mafi yawan shekara unguwa ce ta ɗalibai da 'yan kasuwa, a nan tsohon mazaunin Jami'ar Ummul Ƙura yake. Da Zulƙida ta kama kuwa, sai benayenta su cika da alhazai daga ƙasashe daban-daban, saboda daga wasu sassanta ana iya takawa da ƙafa zuwa wurin jifa. A nan ne mutum zai ga abin da manhaja take nufi idan ta bar hannun wanda ya ƙera ta. Tsohuwa ce ta dawo daga jifa, benayen duk sun yi mata kama da juna, ba ta jin Larabci, batirin wayarta ya kusa mutuwa, layin sadarwa kuma ya cunkushe saboda mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas suna wuri ɗaya, kamar yadda aka yi a Hajjin 2024. Manhajar da ta yi aiki lafiya lau a ofis mai sanyi tana iya zama dutse a hannun wannan baiwar Allah.

A watan Agustan 2018 an yi wata gasar ƙera manhajoji don hidimar Hajji a Jidda. Mutum 2,950 suka shiga, har kundin Guinness ya rubuta ta a matsayin mafi girma irinta a lokacin. Wata tawagar mata 'yan Saudiyya ce ta zo ta ɗaya da manhajar da suka kira Turjuman, wadda take fassara wa alhaji allunan kan hanya zuwa harshensa ba tare da intanet ba, aka ba su riyal miliyan ɗaya. Abin lura a nan shi ne sharaɗin nan na rashin intanet. Wanda bai taɓa tsayawa a cunkoson Mina ba, ko bai saurari waɗanda suka tsaya ba, ba zai kawo shi a ransa ba. Irin wannan ilimi ba a littafin injiniya yake ba, yana bakin mutane, kuma mutane ba za su faɗa maka ba sai ka nuna musu abin da kake ginawa tun yana ɗanye.

Misali na biyu ya fi kusa da kowa, domin yana cikin wayoyinmu. Bayan an dakatar da Umara a 2020 saboda annobar korona, Ma'aikatar Hajji da Umara ta fitar da manhajar I'itamarna a ƙarshen Satumba, ta kuma sanar da jadawalin buɗewa tun kafin a fara. Ranar 4 ga Oktoba aka soma da mutum 6,000 a rana, mazauna ƙasar kawai. Ranar 18 ga Oktoba aka ɗaga zuwa 15,000. Ranar 1 ga Nuwamba aka buɗe wa masu zuwa daga waje. Daga baya, a 2022, wannan aiki ya koma ƙarƙashin sunan Nusuk, wanda a yau da shi ake neman izinin ziyarar Rauda. Asalin rubutun wannan manhaja ba a fili yake ba, kayan gwamnati ne. Amma tsarin fitowar darasi ne ga mai ƙaramin aiki: ka fara da kaɗan, ka faɗi adadin, ka faɗi ranar ƙari, yadda kowa zai san inda aka kwana. Wanda bai samu gurbi a makon farko ba ya san dalili, bai zargi wayarsa ba.

Alfijirin wa kake bi?

Inda wannan magana ta fi nauyi a gare mu mazauna ƙetare shi ne lokutan salla, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Da yawa daga cikinmu suna ɗauka cewa lokacin da waya ta nuna abu ne guda tabbatacce, kamar yadda biyu da biyu suke ba da huɗu. Fitowar rana da faɗuwarta da zawali kam lissafinsu a bayyane yake. Amma alfijir da isha sun dogara ne a kan zaɓi: digiri nawa rana za ta kasance a ƙarƙashin sararin da ido yake hangowa kafin a ce alfijir ya keto ko shafaƙi ya ɓace? Kalandar Ummul Ƙura da ake bi a Makka tana ɗaukar digiri 18 da rabi ga asuba, isha kuma minti 90 bayan magariba, a watan Ramadan minti 120. Tsarin da ake jingina wa Rabiɗa yana ɗaukar 18 ga asuba, 17 ga isha. Na Masar 19 da rabi da 17 da rabi. Wanda aka fi sani a Amurka ta Arewa 15 da 15. Wasu masallatan Faransa sun daɗe suna aiki da 12. La'asar ma tana da nata: inuwa ninki ɗaya a wurin Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, ninki biyu a mashahurin ra'ayin Hanafiyya. Ita kanta Ummul Ƙura a da tana kan digiri 19 ne, aka mayar da ita 18 da rabi daga Muharram na 1430. A Makka wannan rabin digiri minti biyu ne da 'yan kai, amma ga mai sahur minti biyu ba wasa ba ne.

A Kano ko a Aziziyya lissafin waɗannan tsare-tsare yana aiki duk tsawon shekara. Da ka wuce digiri 48 da rabi arewa da tsakiyar duniya kuwa, sai lissafin ya karye gaba ɗaya a tsakiyar bazarar Turai, domin rana ba ta sauka har digiri 18 sam. A Landan haka abin yake daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli. Waɗanda suka yi azumin 2015 da 2016 a Ingila ba su manta ba: masallatai biyu a gari ɗaya, tsakanin alfijirinsu fiye da awa guda. A irin waɗannan darare dole manhaja ta zaɓi mafita, ko ta raba dare biyu, ko ta ɗauki kashi ɗaya cikin bakwai na dare, ko ta yi ƙiyasi da rana mafi kusa ko gari mafi kusa da alamar take bayyana. Kowace mafita akwai malaman da suka tafi a kanta.

To, dubi abin da ya faru. Wani injiniya, wanda wataƙila bai taɓa zama gaban malamin fiƙihu ba, ya zaɓar wa dubban mutane fatawa da layi guda na rubutu. Idan ya ɓoye zaɓin, ya nuna "3:12" kawai da manyan lambobi, ya mayar da ijtihadi tamkar nassi. Idan kuwa ya rubuta a fili cewa ga tsarin da na bi, ga abin da nake yi a dararen da babu alama, ga inda za ka sauya in limaminku ya saɓa, to ya mayar da amanar ga masu ita. Wannan ne ya sa nake girmama ayyuka irin su PrayTimes na Hamid Zarrabi-Zadeh da Adhan na Batoul Apps, waɗanda suka bar lissafinsu a buɗe. Duk mai ilimin falaki zai iya bi layi-layi ya ce nan daidai, nan akwai gyara.

Malamanmu na fiƙihu ba su san manhaja ba, amma sun san ciniki. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu da yake cikin Buhari da Muslim ya rataya albarkar ciniki a kan gaskiya da bayani, ya rataya gushewarta a kan ƙarya da ɓoyewa. Muslim ya ruwaito labarin mai tsibin abinci da ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa ya ɗora busasshen a sama, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tuhume shi a kan rashin fito da jiƙaƙƙen inda masu saye za su gani. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure ya ji haramcin ɓoye aibin haja. Aibin manhaja kuwa ya fi na hatsi ɓuya, domin mai saye ba shi da hannun da zai cusa cikin tsibin. Sai dai kai ka fito masa da shi.

Kundin gyara ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Akwai masu ganin cewa wallafa jerin kurakuranka zubar da girma ne. Tarihin littattafanmu bai goyi bayansu ba. A ƙarni na bakwai na Hijira, a Dimashƙa, Sharafuddin al-Yunini ya tara ingantattun kwafe-kwafen Sahihul Buhari ya zauna yana gwama su a gaban jama'ar malamai, cikinsu har da Ibnu Malik mai Alfiyya, wanda yake warware matsalolin nahawu. Zama saba'in da ɗaya aka yi. Al-Yunini bai share saɓanin ruwayoyi don littafin ya yi kyan gani ba. Sai ya sa wa kowace ruwaya alama, yadda mai karatu zai san wannan lafazi daga wane kwafi ya zo. A kan aikinsa aka dogara wajen bugun Bulaƙ da aka yi a zamanin Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu, kuma alamomin suna nan a gefen shafukan har gobe. Abin da ya sa aka amince da kwafin nan shi ne ya nuna yadda aka yi shi.

A zamaninmu aikin Tanzil ya bi wannan sawu. An fara shi a 2007, lokacin da rubutun Alƙur'ani da yake yawo a intanet yake ɗauke da kurakuran bugu. Masu aikin suka bayyana matakan da suka bi wajen tacewa, da na'ura da kuma idon mutane, suna gwamawa da Mus'hafin Madina. Suka sa wa kowace fitowa lamba, suka rubuta abin da ya canza, suka ba kowa izinin amfani da rubutun bisa sharaɗin kada ya sauya ko da harafi ɗaya. Manhajojin Alƙur'ani masu yawa a kan wannan rubutu suka ginu. Quran.com ma asalin rubutunta a buɗe yake a GitHub.

Mu Hausawa muna da buƙata ta musamman a nan. Yawancinmu da Warshu muka yi karatun allo, manhajoji kuwa galibi Hafsu ne. Fa'unmu ɗigonsa a ƙasa yake, ƙafunmu ɗigo ɗaya a sama, kuma sai a 2016 Unicode ta ƙara wasu haruffa na musamman domin rubutun Warshu. A boko ma, manhajar da ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba takan mayar da ƙasa ta zama kasa, ko ta cika allo da akwatuna. Babu wani kamfani a Singafo ko Kalifoniya da zai gano wannan da kansa. Aikin da yake a buɗe, kana iya kai ƙorafinka inda masu ginin za su gani, ko ma ka gyara da hannunka ka miƙa. Wanda yake a rufe kuwa, sai dai ka yi haƙuri.

Abin da ba a buɗewa

A Nuwamban 2020 mujallar Motherboard ta wallafa binciken da ya nuna cewa bayanan inda masu amfani da Muslim Pro suke suna zuwa hannun wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. A lokacin an sauke manhajar kusan sau miliyan 98. Kamfanin ya musanta cewa ya sayar wa soja bayanai, ya kuma sanar da yanke hulɗa da X-Mode. Ko ma yaya aka yi, masu duba lokacin salla sau biyar a rana daga bakin ɗan jarida suka fara jin inda bayanansu suke zuwa. Sau da yawa ma mai ƙaramar manhaja ba ya nufin sharri. Wani guntun kayan aiki na talla ko na ƙididdiga yake ɗaukowa ya liƙa a cikin tasa don ya sami ɗan abin biyan kuɗin hidima, shi kuwa guntun yana kwasar abin da ya ga dama. Da sharaɗin aikinsa shi ne ya lissafa wa jama'a duk abin da ya liƙa, da tun a wurin rubuta jerin zai tsaya ya yi tunani.

A nan ne rufin asirin da aka rene mu a kai yake da cikakken muhalli. Hanyar aiki ake buɗewa, mutane kuwa a rufa musu asiri. Na sha ganin masu gina manhaja suna ɗora hoton allon aikinsu don nuna ci gaba, alhali sunayen mutane da lambobin wayarsu suna bayyane a ciki. Idan manhajarka ta alhazai ce, abin da yake hannunka lambar fasfo ne da masauki da wataƙila bayanin rashin lafiya. Hukumomi ma sun shigo cikin maganar: Tarayyar Turai tana da dokarta tun Mayun 2018, Nijeriya ta sa hannu a kan tata a Yunin 2023, ta Saudiyya kuma ta fara aiki a Satumban 2023.

Kada kuma a ɗauka buɗewa kaɗai tana wadatarwa. OpenSSL, wadda take tsare sirrin sadarwar wani babban kaso na intanet, a buɗe take, amma ɓarakar da aka kira Heartbleed ta zauna a cikinta kimanin shekara biyu kafin a gano ta a Afrilun 2014. Kowa yana iya dubawa, sai kowa ya bar wa wani. Don haka bai isa ka ajiye aikinka a fili ka ce ka fita haƙƙi ba. Sai ka ɗauke shi da ƙafarka ka kai wa wanda ya san abin, kamar yadda al-Yunini bai jira Ibnu Malik ya biyo ta hanya ba.

Batun riya kuwa, ayar Suratul Baƙara da ta yi magana a kan sadaka ta yabi bayyana ta, ta kuma fifita ɓoye ta. Ba ni da ma'aunin zuciyar kowa, amma akwai alamar da mu injiniyoyi muke iya gani daga waje. Rahoton da aka rubuta don amfanin mutane yakan ƙunshi abin da ba ya yi wa mai shi daɗi: mutum ɗari sun sauke, goma sha biyu ne suka dawo bayan mako guda, kuma ga abin da muke zaton ya kore su. Wanda aka rubuta don a yaba kuwa, kullum lambobinsa hawa suke yi, kuma hoton mai aikin ya fi hoton aikin girma. Shi kuma tsoron satar dabara, a mafi yawan lokuta ya fi ƙarfin haɗarin. Tunanin manhajar da za ta mayar da ɓataccen alhaji masaukinsa ya zo wa mutum dubu. Wahalar tana wurin sanin wace ƙofa ake rufewa ranar goma ga wata, da yadda Bazazzagiya 'yar shekara saba'in take riƙe waya.

Mu ƙaddara wani ɗan'uwanmu ne a Aziziyya, ɗalibi a Ummul Ƙura, yake son gina irin wannan manhaja da muryar Hausa, saboda alhazan Nijeriya da Nijar da Ghana. Zai fara da binciken abin da doka ta yarda masa, domin hidimar alhazai a Saudiyya aiki ne mai lasisi. Sannan ya rubuta takarda guda da Hausa mai sauƙi: ga abin da manhajar take yi, ga abin da ba ta yi, ga abin da take karɓa daga wayarka, ga ranar da za a goge shi. Ya gwada ta da mutum ashirin a Umarar Rajab, ya faɗi abin da ya lalace. Ya ƙara zuwa ɗari a Ramadan, lokacin da cunkoso ya fara kama da na Hajji. Duk abin da ya taɓa hukunci, kamar lokacin jifa ko iyakar Muzdalifa, ya rubuta sunan littafin ko malamin da ya dogara da shi, ya nuna inda mazhabobi suka rabu. Idan kuma Zulƙida ta kama bai gamsu da taswirar Mina da take hannunsa ba, ya cire wannan sashe, ya sanar cewa bana manhajar iyakarta benayen Aziziyya, wanda ya ɓata a Mina ya nemi jami'an tantinsa da lambar da take jikin katinsa na Nusuk.